Jiya Ba Yau Ba Ce: Sharhi a Kan Yadda Ake Koyar da Shuɗaɗɗen Lokacin Ingilishi a Karkarar Kano

Gabatarwa

Na san wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla tamu za su yi mamakin ganin ɗalibin Hausa ya ɗauki alƙalami yana sharhi a kan nahawun Ingilishi. Za su ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su yi mini uzuri su bi ni sannu a hankali, domin ina jin kafin mu kai ƙarshe za a ga maganar tamu ce, kuma wani kaso na laifin da zan ambata a wuyanmu yake.

Ni mutumin arewacin Kano ne, daga wani ƙauye a ƙasar Ɗambatta. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Kazaure ya san yadda wajenmu yake: gona na bin gona, gida na bin gida, babu daji, babu saura. Irin wannan cinkoso ne ya ja hankalin masana kamar Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin karkarar Kano tun shekarun 1960. Gonar da kakanmu ya noma shi kaɗai, yau gado ya yanka ta gida tara. Saboda haka a wajenmu karatun boko gona ce ta biyu, uba kuma yakan sa ɗansa makaranta da irin fatan da yake zuba iri a ƙasa.

Ƙanena ya zauna jarrabawar fita sakandare sau biyu. Duka biyun ya ci lissafi da Hausa da kimiyyar noma, duka biyun Ingilishi ya kayar da shi. A karo na biyu sai da Baba ya kai tunkiya kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi kafin kuɗin rajista su cika. Kowa kuwa ya san ba a shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit a Ingilishi, ko da Hausa mutum zai karanta. Da aka yi mana dogon hutu sai na tara shi da abokansa a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, na ce kowa ya rubuta mini da Ingilishi abin da ya yi jiya. Ga jimlar farko a takardar ƙanena:

"Yesterday I have gone to the farm and my father is working."

Na ce masa, "Kai, ba a koya muku shuɗaɗɗen lokaci ba ne?" Ya ce, "Haba Yaya, ai na haddace su kaf." Nan take ya kama: "go, went, gone, eat, ate, eaten, see, saw, seen," yana zubowa kamar mai tilawa, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Yaron da ya iya wannan hadda ba daƙiƙi ba ne. An cika masa ƙwarya da iri ne, ba a nuna masa ramin da zai zuba kowanne ba. Ruwa ba ya tsami banza, dalilin tsamin nan kuwa shi ne nake so mu bincika.

Abin da Ingilishi ke nema

Kafin a yi suka ya kamata a san abin da ake magana a kai. Ingilishi yana da siga huɗu ta aikatau don abin da ya shuɗe. Maimakon in kawo sunayensu na littafi, zan kira kowace da kamanninta.

Ta farko ita ce "went". Aiki ya auku ya ƙare a wani lokaci da ya wuce, wanda aka ambata ko aka riga aka sani: "They went yesterday."

Ta biyu ita ce "was going" ko "were going". Aikin yana cikin gudana a wani lokaci da ya wuce: "They were going when the rain started."

Ta uku ita ce "had gone". Aikin ya kammala kafin wani aikin da shi ma ya wuce: "They had gone before we came."

Ta huɗu ita ce "had been going". Aikin ya ɗauki lokaci yana gudana kafin wani abu ya auku.

Ban da waɗannan akwai "has gone" ko "have gone", wadda Turawa ke lissafawa cikin lokacin yanzu, domin ko da yake aikin ya wuce, sakamakonsa yana nan. Wannan siga ba ta zama jimla ɗaya da kalmomi irin su "yesterday" ko "last year". Sa'an nan akwai "used to go", wato al'adar da aka yi a da aka bari.

Babbar dokar da ta ratsa su duka ita ce, Ingilishi yana buga wa kowane babban aikatau hatimin lokacinsa. Ko da ka ce "yesterday" a farkon labari, bai ɗauke maka nauyin sauya aikatau na biyu da na uku da na goma ba. Hausa kuwa ba haka take ba, kuma a nan ne hanya ta rabu.

Inda Hausa ta ajiye alamarta

A duba waɗannan: sun tafi, suka tafi, za su tafi, sukan tafi, su tafi. Kalmar "tafi" tana nan daram, ba ta motsa ba. Abin da ke sauyawa shi ne lamirin da ke gabanta. Ke nan tun yaro yana goye idonsa da kunnensa sun saba da neman alama a gaban aikatau. Da ya shiga ajin Ingilishi sai aka mayar da alamar wutsiya, kamar a "walked", ko kuma aka sauya cikin kalmar ɗungurungum, kamar a "go" da "went". Aikatau masu wannan taurin kai sun kai ɗari biyu ko kusa da haka, kuma su ne aka fi amfani da su kullum. Ban taɓa jin malamin da ya tsaya ya gaya wa yara wannan bambanci ba, alhali minti biyar ya isa.

Bugu da ƙari, ita wutsiyar nan sau da yawa kunnen Bahaushe ba ya jin ta. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ma jera baƙaƙe biyu a ƙarshen kalma. Shi ya sa da muka ari kalmomin Turawa muka buɗe musu ƙofa da wasali, muka ce banki da benci da famfo. To, "walked" da "asked" da "helped" duk suna ƙarewa da cunkoson baƙaƙe. Wutsiyar da ake rubutawa "ed" furuci uku gare ta: "t" a "walked", "d" a "played", "id" a "wanted". Ta ukun ce kawai ke ƙara gaɓa, ita ce kuma yaro ke ji sosai. Malamin da shi ma ya tashi a wajenmu yakan furta "walk" da "walked" daidai wa daida. Yaro zai shekara shida yana sauraro bai taɓa jin bambancin ba, sa'an nan a kama shi da laifin rashin rubuta abin da bai taɓa ji ba.

Shin "sun tafi" shuɗaɗɗen lokaci ne?

Yanzu na zo kan namu laifin. A littattafan nahawunmu, tun daga na Farfesa M.K.M. Galadanci na 1976 har zuwa waɗanda ake karantawa a sakandare, an saba lissafa waɗannan sigogi a matsayin lokuta. A ajin Hausa an koya mana cewa "sun tafi" shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya ne, "suka tafi" shuɗaɗɗen lokaci na biyu, "suna tafiya" kuwa lokaci mai ci. Ba ina raina aikin magabata ba ne, da bazarsu muke rawa. Amma sunan da aka raɗa wa abu yakan ja mai koyo zuwa inda ba a nufa ba. Yaro ya ji "shuɗaɗɗe" a ajin Hausa, ya ji "past" a ajin Ingilishi, sai ya ɗaura musu aure. A gwada wannan suna a kan maganarmu ta yau da kullum:

Mutum yana tsaye a zaure, ya sa takalmi, ya ce, "To, na tafi." Bai tafi ba tukuna, ga shi muna kallonsa.

Manomi ya ce wa ɗansa, "Kafin ka dawo gobe mun gama huɗa." Goben ba ta zo ba balle ta shuɗe.

Mace ta ce, "Na gaji," ko "Na ƙoshi," ko "Na sani." Halin da take ciki yanzu take faɗa.

A ce, "Idan suka zo jibi, a ba su masauki." Ga "suka" tana aiki a cikin jibi.

Haka kuma abin da muke kira lokaci mai ci bai damu da yanzu ba. Muna cewa, "Jiya da na je yana noma," muna cewa, "Yanzu haka yana noma," muna kuma cewa, "Gobe war haka yana noma." Siga ɗaya ta shiga jiya da yau da gobe ba ta sauya riga ba.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, lamirin Hausa ya fi kula da yanayin aiki, wato ya kammala ko yana gudana, bisa ga lokacin da ake magana a kai. Shi kuwa lokacin, kalma ɗaya irin su jiya ko bara ko ɗazu ta isa ta kafa shi, kamar yadda manomi ke dasa gamba a kan iyaka sau ɗaya kowa ya san gonar wane ce. Manazarta na baya-bayan nan sun lura da haka. Paul Newman a babban littafinsa na nahawun Hausa na 2000 ya kira sigar "sun" da sunan da ke nufin kammalalle, Philip Jaggar ma a nasa na 2001 ya bi hanyar yanayin aiki wajen raɗa mata suna. Wannan ilimi yana nan a ɗakunan karatu na jami'o'inmu, amma bai hau motar Ɗambatta ba.

Idan aka riƙe wannan, kurakuran da na tattara a gindin darbejiya duk sun warware kansu. Wanda ya rubuta "Yesterday I have gone" ya fassara "jiya na tafi" ne, kuma bai yi kuskure ba wajen jin cewa "na tafi" ta yi kama da "I have gone". Abin da ba a gaya masa ba shi ne Ingilishi ya hana wannan siga zama da "yesterday". Wanda ya rubuta "When I reached the market my father is selling groundnuts" ya ɗauko "yana sayar da gyaɗa" yadda take, don a Hausa "da na isa" ta riga ta kafa lokaci. Wanda ya rubuta "He said he is coming" ya bi "ya ce yana zuwa". Wanda ya rubuta "I use to go to the farm every day" yana neman madadin "nakan je" ne, bai san wannan siga a Ingilishi ta al'adar da aka bari ce kawai ba. Wanda kuwa ya rubuta "He did not came" ya ji tsoron dokar hatimi har ya buga shi sau biyu, alhali "did" ta riga ta ɗauke wa aikatau nauyin. Kuskuren kowannensu yana da asali, kuma asalin nan nahawu ne mai tsari, nahawun harshen uwarsa.

Gadar da ba a hawa

Abin takaici shi ne, Hausar da ta jawo tuntuɓen ita ce kuma ke riƙe da maganinsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Na ce wa ƙanena ya ajiye biro ya ba ni labarin wata rana da bazara da baki. Ga abin da ya ce:

"Da asuba muka tashi, muka loda taki a mangala, muka kora jaki muka nufi gona. Da muka isa, su Baba sun gama sharar gona, yara suna tattara tushiya. Sun daɗe suna jiranmu. A da mukan kai takin tun da rani."

Mai karatu ya duba da kyau. Duk sigogin Ingilishin da na lissafa suna cikin wannan ɗan labari, kowace da alamarta ta Hausa.

Jerin "muka, muka, muka" shi ne ƙashin bayan labari, aiki na bin aiki. A Ingilishi wannan ita ce sigar "went": "we woke up, we loaded, we drove".

Da labari ya zo kan "sun gama", mai magana ya bar "suka" ya koma "sun". Me ya sa? Domin sharar ta kammala kafin isowarsu. Da ya ce "da muka isa suka gama", da ma'ana ta sauya, wato sai bayan isowarsu aka gama. Kowane yaro a ƙauyenmu yana jin wannan bambanci ba tare da an koya masa ba. To, wannan ita ce "had finished", sigar da malamai ke cewa ta fi kowace wuya. Idan yaro yana shakka, ya gwada cusa "riga" a jimlar: "sun riga sun gama". In ta zauna daidai a tsakiyar labarin da ya wuce, "had" ake nema.

"Suna tattara" a cikin labarin jiya ita ce "were gathering". "Sun daɗe suna jira" ita ce "had been waiting". "A da mukan kai" ita ce "used to take".

Saura "have gone". Idan ba labari ake bayarwa ba, aka ce "sun tafi" ana nufin ba sa nan yanzu, to "they have gone" ce. In aka ƙara jiya ko bara, sai a koma "went". "Na taɓa zuwa Kano" ita ce "I have been to Kano". Wajen korewa kuma sai a yi hattara, domin Hausa ta haɗe "sun zo" da "suka zo" a korewa ɗaya, "ba su zo ba", Ingilishi kuwa ya raba ta uku: "did not come", "have not come", "had not come". Kalmar "tukuna" takan taimaka: "ba su zo ba tukuna" ita ce "have not come yet".

Akwai wani tarko da rubutun boko ya ɗana mana. A baki, "yaa tafi" mai dogon wasali dabam take da "ya tafi" mai gajere. Ta farko 'yar'uwar "sun" ce, ta biyu 'yar'uwar "suka". Amma ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna tsawon wasali, don haka a takarda na da ka da ya da ta duk fuska ɗaya gare su a sigogin biyu. Dabarar da na ba yaran ita ce su mayar da jimla jam'i a zuci. In ta ba da "suka", ga hanya. In ta ba da "sun", a tsaya a duba.

Cikin mako biyu da wannan dabara, yaran da suka shekara shida suna hadda suka fara gyara takardun junansu, har suna gardama a kan ko wuri kaza "had" ya dace. Ban kawo wannan don yabon kai ba. Ni ba malamin Ingilishi ba ne, abin da kawai na yi shi ne na bar su suka shigo aji da harshensu.

Ina gizo ke saƙa?

Na farko, littattafai. Yawancinmu da "Brighter Grammar" na C.E. Eckersley da Margaret Macaulay muka tashi, littafin da ya fito tun shekarun 1950. Littafi ne mai sauƙi da tsari, ba kuma laifin marubutansa ba ne da ba su san "sun" da "suka" ba, tunda ba don ɗan Makoɗa ko Kunci suka rubuta shi ba. Littattafan da ake bugawa a ƙasar nan ma don ƙasa baki ɗaya ake yin su, yaron Ibadan da na Enugu da na Bichi duk darasi ɗaya, alhali kowannensu inda yake tuntuɓe dabam. Riga ɗaya ba ta yi wa kowa daidai.

Na biyu, dokar hana Hausa a aji. A makarantar da na yi, akan rubuta sunan duk wanda ya yi abin da ake kira banakula, a ci shi tara ko a ba shi shara. Abin da wannan ya haifar shi ne aji mai shiru. Yaro bai daina tunani da Hausa ba, ya dai daina faɗa, sai fassarar ta koma ɓoye inda malami ba zai gan ta ba balle ya gyara. Ban ga laifin malaman sosai ba. Mutum ɗaya a gaban yara fiye da yadda zai iya duba takardunsu, shi ma da hadda aka koya masa, me zai bayar in ba abin da aka ba shi ba?

Na uku, manufar gwamnati, wadda ta daɗe tana kai gwauro tana kai mari. Makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta fara koyarwa. Bayan shirin ilimin firamare ga kowa na 1976, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa, daga baya a koma Ingilishi. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a miƙa wannan har shekara shida ta firamare. A Nuwamba 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke tsarin a koma Ingilishi, yana kafa hujja da yawan faɗuwa jarrabawa. Damuwar Minista damuwar Babana ce, ba na musun ta. Sai dai ya kamata a tuna da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Ingilishi yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin kansa. Ƙanena dai ba yawan Hausa a ajin Ingilishi ne ya kayar da shi ba, don ba a taɓa yin ta a can ba.

Abin da za a iya cewa

Wani zai ce wannan hanya za ta saba wa yaro da fassara kalma da kalma, ba zai taɓa sakin jiki da Ingilishi ba. Amsata ita ce, fassarar yana yin ta ko an so ko an ƙi. Gara a fito da ita fili a nuna masa inda take kaiwa da inda take yankewa. Mai koyon keke ma akan riƙe masa sirdi kafin a sake shi. Kuma ba baƙon abu na kawo ba. A zaurukan malamanmu, ɗalibi yakan karanta Ajurumiyya malam yana fassara masa da Hausa, ya san fi'ili mali da mulari'i da amri, har ya kai ga Alfiyyar Ibn Malik. Ƙarni da yawa ana koyon nahawun Larabci ta bakin Hausa a ƙasar Kano, an kuma sami malaman da suka wallafa littattafai da Larabci tsantsa. Me zai sa abin da ya yi wa Larabci ya ƙi yi wa Ingilishi?

Wani kuma zai ce gadar da na kafa tana da ramuka. Gaskiya ne. "Suka" ba kullum take ba da "went" ba. Tana zuwa a tambaya, kamar "su wa suka zo?", tana zuwa bayan "da", kamar "mutanen da suka zo", inda Ingilishi zai iya neman "have come". Bayan "idan" kuwa, kamar "idan suka zo jibi", Ingilishi sigar yanzu yake so. Amma sanin wurin rami shi ne rabin tsallake shi, kuma yaron da aka nuna wa waɗannan wurare uku ya fi wanda aka sake a duhu da jerin kalmomi ɗari biyu.

Na ukun zai ce ba duk malaman Ingilishi ne ke jin Hausa ba, wasu 'yan bautar ƙasa ne daga kudu. Wannan ma gaskiya ne, shi ne kuma ya sa ake bukatar abin a rubuce.

Kammalawa

A nan nake mayar da magana gida. Malamin Ingilishi bai karanta nahawun Hausa ba, mu kuwa da muka karanta mun ɗauka Ingilishi ba gonarmu ba ce. Tsakanin sassan nan biyu yaran karkara ke zubewa. Ina ba Ƙungiyarmu shawara uku. Ta farko, mu nemi jagorancin malamanmu mu haɗa kai da ɗaliban Sashen Ingilishi a rubuta ɗan ƙaramin littafi, ko da shafi talatin ne, mai jera sigogin harsunan biyu gefe da gefe, da misalai daga gona da kasuwa da rijiya, a kai shi makarantun karkara da kwalejojin horon malamai. Ta biyu, malamanmu su sake duba sunayen nan na shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai ci, ko a sauya su, ko aƙalla a riƙa gaya wa ɗalibi iyakarsu. Ta uku, duk wanda zai tafi dogon hutu a cikinmu ya tara yaran unguwarsu ko da sau biyu a mako. Ba a fafe gora ranar tafiya, yaron da ke aji ɗaya na sakandare yau shi ya fi bukatarmu.

Ranar da zan dawo makaranta ƙanena ya raka ni bakin titi, ya miƙo mini wata takarda. A ciki ya rubuta: "When we reached the farm, our father had finished clearing and the children were gathering the stubble." Na ce, "Wa ya gyara maka?" Ya ce, "Ba kowa, Yaya. Na mayar da ita jam'i ne na ji sun ta fito."

Zai sake zama jarrabawa karo na uku. Baba ya riga ya ware akuyar da za a kai kasuwa. Ina fatan wannan ce ta ƙarshe da Ingilishi zai ci daga garkenmu, ina kuma maraba da duk wanda ya ga gyara a abin da na faɗa ya ɗauki alƙalami ya amsa mini a fitowa ta gaba.